Darasi: Ƙari a Jikin Kaza da Rikicewar Al'ada a Jikin Mace

Mai kiwon kaji takan fede kaza ta tarar da fararen ƙulli a jikin hantarta. Idan ita ma al'adarta ta rikice, sai zuciya ta raya mata cewa daga kajin ta kwaso. A kwantar da hankali. Cutar kazar daban, ta macen daban, kuma ta kazar ba ta kama mutum.

Mu fara da kaza. A shekarar 1907 wani likitan dabbobi ɗan ƙasar Hangari, József Marek, ya bayyana wata cuta da ke shanye ƙafafun kaji. Har yau da sunansa ake kiran ta, cutar Marek. Ƙwayar bairas ce ke kawo ta. Tana fita daga gindin gashin kaza, ta gauraya da ƙurar akurki, sauran kaji su shaƙa. Takan yi watanni a cikin ƙurar nan ba ta mutu ba.

Ta fi bayyana a kaza mai wata uku zuwa shida. Za a ga ta kwanta, ƙafa ɗaya gaba, ɗaya baya. Fiffike ya saki, ido ya yi toka-toka, ta rame ko da tana ci. A ciki kuwa ƙari ne a hanta da saifa da ƙoda. Idan ta kai haka, babu magani. Riga-kafi kawai ake yi, tun ranar da aka ƙyanƙyashe tsako. An fara amfani da allurar a 1970. Amma ga abin da masu kiwo da yawa ba su sani ba: allurar tana hana ƙari fitowa, ba ta hana kaza ɗaukar ƙwayar ta yaɗa. Saboda haka kada a haɗa 'yan tsaki da manyan kaji, kuma a share akurki a wanke shi kafin a zuba sababbi.

Kaza ta yi wa ɗan Adam babbar rana a nan. A 1911, a birnin New York na Amurka, Peyton Rous ya nuna cewa bairas na iya haddasa ƙari a jikin kaza. An daɗe ba a ɗauki maganarsa da muhimmanci ba, sai a 1966 aka ba shi lambar yabo ta Nobel.

Ita kuwa macen, ɗaya daga cikin cututtukan da ke rikita al'ada ita ce wadda likitoci suke kira PCOS, wato rikicewar sinadaran da ke tafiyar da aikin ma'ajiyar ƙwan mace, kuma ba a ɗaukar ta daga kowa. Kusan mace ɗaya cikin goma masu shekarun haihuwa tana da ita. Sau da yawa jiki ne ke ƙin jin maganar insulin, sinadarin da ke shigar da sukari cikin tsoka. Sai insulin ya yi yawa a jini, ya sa ma'ajiyar ƙwan mace ta yawaita sinadarin maza. Daga nan al'ada ta riƙa tsallake wata, gashi ya fito a haɓa, ƙuraje a fuska, wuya da hammata su yi baƙi, ciki ya yi jinkirin samuwa. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake zargin irin wannan baiwar Allah, alhali jinya take buƙata. Idan aka bar cutar, tana iya kai wa ga ciwon sukari. A asibiti za a auna jininta. Tafiyar ƙafa kullum da rage ƙiba ko da kaɗan suna taimakawa, akwai kuma magungunan da ke sa ƙwai ya fito.

Aiki: Ɗauko littafin rubutu. A shafi ɗaya rubuta ranar da aka yi wa tsakinki allura. A wani shafin rubuta ranar da al'adarki ta zo, wata uku a jere, ki tafi da shi wurin likita.