Na'urar CPAP ɗinka ta fara tsufa: ka canja ta ko ka ƙara haƙuri da ita?

Duk wanda likita ya ɗora a kan CPAP saboda ɗaukewar numfashi cikin barci, irin wanda za ka ji mutum yana ta minshari kamar me sai ya yi ɗif na ɗan lokaci sannan ya farga da ƙarfi yana haki, ya san na'urar nan ba kayan ado ba ce. Iska take turawa ta tiyo zuwa hanci da ƙarfin da aka auna, don kada maƙogwaro ya rufe in jiki ya saki. Tun 1981 da wani likita Colin Sullivan a birnin Sidni na Ostireliya ya fito da dabarar, ainihin aikin bai canja ba, ƙaramar fanka ce a cikin akwati tana juyawa dare bayan dare. Toh fanka kuwa tana gajiya. Tambayar ita ce ta yaya za ka gane naka injin ya gaji da gaske, ba wai wani ɗan ƙaramin abu ne ya lalace ba kake shirin kashe maƙudan kuɗi a banza.

Mu fara da maganar da ake yawan yi cewa a canja na'urar CPAP duk bayan shekara biyar. Asalinta daga tsarin inshorar lafiya ne, musamman Medicare na Amurka da ke yarda ya biya wa mutum sabuwar na'ura in tsohuwar ta kai shekara 5, kamfanoni ma kusan haka suke ƙiyasta rayuwar na'urar. Amma ba wai ranar da ta cika shekara biyar za ta mutu ba ne. Akwai wadda za ta yi bakwai ko takwas lafiya lau, akwai wadda a shekara ta uku ta fara kuka saboda ƙura da wutar da take sha. Ga wanda inshora ke biya masa, gaskiya in lokaci ya yi ka karɓi sabuwa kawai ka ajiye tsohuwar ta zama ta ko-ta-kwana. Ga wanda daga aljihunsa zai cire, wanda shi ne halin yawancinmu a Kano ko Kaduna ko Yamai, sai an yi lissafi da kyau.

Abin da ya fi shekara muhimmanci shi ne awannin da injin ya yi yana aiki, kamar dai yadda mai sayen mota yake duba kilomita ba shekarar ƙira kaɗai ba. Ka shiga menu na na'urar, a AirSense 10 ta kamfanin ResMed wurin da aka rubuta About za ka ga adadin awannin da fankar ta yi tun da aka ƙera ta. Lissafin mai sauƙi ne, in kana barci awa 8 kullum, a shekara awa 2,920 ke nan, a shekara biyar 14,600. Injin waɗannan na'urori yawanci wajen awa dubu ashirin ko sama kaɗan ake sa ran zai yi, kuma ita AirSense 10 in ta wuce nan da kanta take fito da rubutu a allo cewa Motor life exceeded, wato injin ya wuce wa'adinsa. Wannan rubutun ba yana nufin a daren nan za ta tsaya ba, tana iya ci gaba da aiki watanni, amma sanarwa ce ta fara tara kuɗi, kar ka yi kamar ba ka gani ba. In kana ƙasa da awa dubu goma kuma na'urar na ba ka matsala, ni dai zan fara zargin wani abu daban kafin injin.

Nan ne fa mutane da yawa ke asarar kuɗi. Mutum zai ga ya dawo yana tashi da ciwon kai da bushewar baki, yana gyangyaɗi a ofis ko a bayan sitiyari, matarsa ta ce minsharin ya dawo, sai kawai ya ce inji ya mutu. Sau tari ba injin ba ne, robar da ke manne wa fuska ce ta saki. Wannan robar maiƙon fuska da gumi suna cin ta, ta yi laushi ta daina kama fata, iska na zurarewa ta gefe tana hura maka ido, kai kuma sai ka yi ta ɗaure maɗaurin da ƙarfi har ya bar maka shaida a kan hanci kuma duk da haka bai daina yoyo ba. A jadawalin da ake bi a Amurka robar kusan duk wata ake canjawa, abin rufe fuskar gaba ɗaya da tiyo duk wata uku, maɗaurin kai da tankin ruwan da ke sa wa iskar danshi duk wata shida, filta ta takarda sau biyu a wata. Ba kowa zai iya bin wannan daidai ba a nan, kaya ne da ake shigowa da su da dala, amma in ka shekara biyu da roba ɗaya don Allah kar ka ɗora wa inji laifi. Tiyo ma ka miƙe shi a gaban haske ko ka toshe bakinsa da tafin hannu ka kunna na'urar ka bi shi da hannu, ɗan ƙaramin huji kusa da inda yake haɗuwa da inji ya isa ya rage maka iska. Tankin ruwa yana tsagewa, robar murfinsa tana bushewa, musamman in ruwan famfo ko na rijiyar burtsatse ake zubawa ya bar farin gishiri a ƙasa maimakon ruwan da aka tace ta hanyar tururi. Sai adafta, ita ma kan mutu ita kaɗai alhali injin lafiyarsa ƙalau. Na'urar da ke ɗaukewa tana dawowa da tsakar dare, kafin ka yanke mata hukunci ka gwada wata adaftar irin tata ka kuma duba soket ɗin bango.

Filta kam a lokacin hunturu sai an sa mata ido sosai. Ƙurar da ke sauka daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana iya mayar da farar filta ja cikin ƴan kwanaki, in ta toshe fankar tana wahala wajen jan iska, ta yi zafi, ta yi ƙara, abin da ya wuce ta gefe kuma cikin huhunka zai tafi. Kar a ajiye na'urar a ƙasa kan siminti ko kusa da taga, da rana a rufe ta da tsumma mai tsabta. Wuta kuma kowa ya san halinta, NEPA ta kawo da ƙarfi, ta ɗauke, a tada jen, a sake juyawa, duk wannan bugun a kan allon lantarkin na'urar yake sauka. Sitabilaiza ko inbata mai kyau sun fi sabon inji araha nesa ba kusa ba.

To in ka canja roba da tiyo da filta, ka tabbatar wuta lafiya, abin bai gyaru ba, yanzu sai a saurari injin kansa. Sabuwar CPAP sautinta kamar numfashi ne kawai. In ta fara wani kuka mai tsini da ke hawa yana sauka tare da numfashinka, ko gurnani, ko ƙarar gogayya kamar akwai yashi a ciki, yawanci boris ɗin fankar ne ya fara ci. Warin ƙonewa ko na narkakkiyar roba kuwa babu jira, cire ta daga wuta. Haka in ruwa ya taɓa komawa cikin injin saboda an ɗaga ta da tanki cike, ko allon ya daina nuna rubutu, ko maɓallin juyawa ya daina amsawa, ko farantin ɗumama ruwa ya daina zafi kana tashi ka tarar ruwan yadda ka zuba shi. Ɗaya daga cikin waɗannan a na'ura mai ƙarancin awanni ana iya gyarawa in akwai wakilin kamfani ko mai gyaran kayan asibiti da ya san aikinsa. Biyu ko uku a na'urar da ta haura awa dubu goma sha biyar, gyara zubar da kuɗi ne a ganina, ka gyara wannan wata wancan ya biyo baya.

Akwai gwajin da ya fi kunne gaskiya. Ƙarfin iskar ana auna shi ne da santimita na ruwa, yawancin na'urori daga 4 zuwa 20 suke bayarwa. In an saita maka 10, masu sayar da kayan ko ɗakin gwajin barci suna da ɗan ma'aunin da ake sa wa a bakin tiyo a ga ko 10 ɗin take fitarwa da gaske. Injin da ya gaji zai rubuta maka 10 a allo yana ba ka ƙasa da haka. Sannan ka riƙa duba lambar AHI da safe, wato sau nawa numfashinka ya tsaya ko ya ragu a kowace awa. Ƙasa da 5 shi ake nema. In da can kana ganin 2 ko 3 yanzu kullum 8 ko 12, wani abu ya canja. Bayanan suna cikin katin SD da ke gefen na'urar, akwai manhajar OSCAR ta kyauta da ke buɗe su a kwamfuta ta nuna maka dare ɗaya-ɗaya har da yawan yoyon iska, masu ResMed kuma suna da manhajar myAir a waya. A ResMed yoyon da ya wuce lita 24 a minti shi ake ɗauka ya yi yawa, in ka ga haka koma kan roba tukuna.

Sai dai fa lambar na iya hawa inji lafiya roba lafiya, kai ne ka canja. Ƙiba ta ƙaru, ko ta ragu sosai, shekaru sun ja, an ɗora ka a kan wani sabon magani mai sa barci, hanci ya toshe. A nan sabon inji da tsohon saiti ba zai yi komai ba, likita za ka koma a sake duba ƙarfin iskar, wataƙila ma a sake gwajin barci. Wani lokacin a nan ne za a gane cewa irin na'urar ce ba ta dace da kai ba yanzu, a ce ka koma mai daidaita kanta da kanta wato APAP, ko BiPAP mai ba da ƙarfi biyu, ɗaya na shaƙa ɗaya na fitarwa. Wannan dalili ne mai kyau na canji ko da tsohuwar tana aiki.

Akwai kuma rukunin da ba ruwansa da awanni ko ƙara. A watan Yunin 2021 kamfanin Philips Respironics ya yi kiranye ga miliyoyin na'urorinsa, wato ya sanar da janye su saboda wata matsala, ciki har da DreamStation ta farko da System One, waɗanda aka ƙera kafin 26 ga Afrilun 2021. Soson da aka sa a ciki don rage ƙara yana rududdugewa, ɓarɓashinsa baƙi-baƙi ya bi tiyo mutum ya shaƙa, kuma zafi da danshi da injinan wankewa masu amfani da iskar ozon suna ƙara saurin lalacewarsa. Ka tuna zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri a ɗakin da ba AC. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sa wannan kiranye a mataki mafi tsanani. In taka tana cikin waɗannan kuma ba a canja mata soso ba, ka juya ƙasanta ka duba lamba da ranar ƙira, ka nemi maye gurbinta da wuri. Amma kar ka daina amfani da ita kai tsaye ba tare da magana da likita ba, don barin ciwon haka nan shi ma yana da nasa haɗarin, hawan jini, matsalar bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki, da hatsarin mota saboda gyangyaɗi. Kuma kar ka buɗe ta ka ce za ka ƙwaƙule soson da kanka kamar yadda ake nunawa a wasu bidiyoyi.

Wannan maganar ta shafi masu sayen ta hannu sosai, domin kayan da aka daina so a Turai da Amurka sukan biyo kwantena. In tokumbo za ka saya saboda sabuwa ta fi ƙarfin aljihu, ba laifi ba ne, amma a kunna ta a gabanka ka ga awannin inji da idonka. Lura, akwai awannin mai amfani da ake iya gogewa su koma sifili, akwai na injin kansa da ba sa goguwa, na biyun za ka nema. Ka shinshina iskar da ke fitowa, in warin sigari ko na fumfuna ne ka bar ta, ba ya fita. Roba da tiyo da tanki da filta duk sababbi za ka saya, ba a gadon waɗannan. Ka kuma tambaya ko ana samun kayan gyaranta a kasuwa, don tsofaffi irin su ResMed S9 da ta fito tun 2010 samun tankinta da tiyonta mai ɗumi yana ƙara wuya, ita AirSense 10 ta 2014 har yanzu kayanta suna ko'ina, AirSense 11 ta 2021 kuma tankinta da filtarta da adaftarta daban ne, ba sa shiga na 10.

Kafin ka rabu da tsohuwar ka ɗauki hoton duk saitinta, ƙarfin iska, lokacin da take ɗauka kafin ta kai cikakken ƙarfi, matakin danshi, ka ajiye katin SD da takardar likita, saboda da su za a saita sabuwar. In tsohuwar ba ta cikin kiranye kuma ba ta warin ƙonewa, wanke tankin ka shanya ya bushe sarai, sa sabuwar filta, ka mayar da ita jakarta. Ranar da za ka yi tafiya ko sabuwar ta tafi gyara za ta yi maka amfani, ka dai riƙa kunna ta na ɗan mintuna duk bayan wata biyu ko uku ka tabbatar tana tashi.