Yadda za ka yi Kirsimeti a Japan ba tare da kewar gida ta kayar da kai ba

Duk ɗan Jos da karatu ko aiki ya kai shi Japan, ka sani tun yanzu, 25 ga Disamba ba ranar hutu ba ce a can. Ofis a buɗe, jirgin ƙasa cike da masu zuwa aiki kamar kullum, domin Kiristoci wajen kashi 1 cikin 100 ne kawai. To in kana son ranar, ka nemi izini wajen oganka ko malaminka tun Nuwamba, kar ka bari sai ana gobe, su mutane ne masu son a gaya musu abu da wuri.

Coci ma ka nemo tun kafin lokaci. In a Tokyo kake akwai cocin Katolika na St. Ignatius a unguwar Yotsuya, suna yin sujada da Turanci, kuma nan za ka haɗu da sauran baƙi har da 'yan Afirka. Ka je ko da ba ɗarikarku ba ce, wallahi zama kai kaɗai a ɗaki ranar nan ba ƙaramin nauyi ba ne, ga duhu tun wajen ƙarfe 4:30 na yamma, ga sanyin da ya fi hunturun Jos nesa ba kusa ba.

Maganar abinci kuwa nan ne aikin yake. Su kazar KFC suke ci, al'ada ce da ta samo asali daga wata talla ta 1974, har oda ake yi makonni kafin ranar, sai kek mai farin kirim da strawberry a kai. Ka ɗanɗana, babu laifi, amma ni dai shawarata ka ɗora tukunya. Shinkafarsu tana danƙo ba za ta yi maka jollof ba, ka je shagunan halal na unguwar Shin-Okubo a Tokyo ka sayo basmati da barkono da kayan yaji, kaza kuma a kantin Gyomu Super akwai sauƙi. Don Allah kar ka ce a aiko maka da kilishi, an haramta shigar da nama ƙasar kuma ba sa wasa da wannan dokar.

In ka dafa ka kira mutane, abokan karatu, 'yan'uwa Musulmi da ke kusa, yadda muke aika wa maƙwabta kwanon shinkafa da miya a gida. Abokanka 'yan Japan kar ka gayyace su daren 24, wannan daren na saurayi da budurwa ne, kuma a rage sautin kiɗa saboda bangon gidajen ba kauri.

Da dare ka sa rigar sanyi ka fita kallon fitilu a unguwar Marunouchi ko Roppongi a Tokyo, kyauta ne. Kiran gida kuma ka tuna Japan ta riga Najeriya da awa 8, in ka kira ƙarfe 10 na dare su Mama sun dawo daga coci ke nan. Kafin 29 ga wata ka sayi duk abin da kake bukata, daga nan zuwa 3 ga Janairu ofisoshi da ƙananan shaguna da yawa a rufe suke saboda bikin sabuwar shekara.