Yadda Nake Mai da Sunayen Lambobin Jarunta na Soja Daga Turanci Zuwa Italiyanci

Ranar da aka fara ba ni aikin fassara tarihin wani tsohon sojan Birtaniya zuwa Italiyanci, na ci karo da Victoria Cross a shafi na biyu, ban yi wata-wata ba na rubuta Croce della Vittoria. Wata tsohuwa ce take duba mana aiki a lokacin. Ta sauke tabarau ta ce da ni, "Ɗana, wace nasara kake nufi?" Kunya ta rufe ni. Kalmar vittoria a Italiyanci nasara ce, alhali lambar sunan Sarauniya Victoria ta ci, wadda ta ƙirƙiro ta a 1856. Tun daga ranar nake barin sunan lamba yadda masu ita suka raɗa mata, sai in biyo shi da ɗan bayani a karon farko kawai, misali in ce la massima decorazione britannica al valore, wato lambar jarunta mafi girma a Birtaniya. Daga nan in ci gaba da kiranta Victoria Cross har ƙarshen littafi.

Haka zancen yake ga George Cross ta 1940. Hannu zai so ya rubuta Croce di San Giorgio, don kuwa akwai hoton waliyyi George, wato San Giorgio, a tsakiyarta yana kokawa da dodo. Amma sunan Sarki George na 6 ne, kuma Rasha tana da tata lambar mai sunan waliyyin. Idan ka haɗa su, ka jefa mai karatu cikin ruɗani.

Abin da ya fi jan mutum zuwa rami shi ne neman kishiya. Italiya tana da nata matakan: Medaglia d'oro al valor militare ta zinare, sai ta azurfa, sai ta tagulla, sai Croce al valor militare a ƙasa. Sarki Carlo Alberto ne ya kafa ta zinare da ta azurfa a 1833, ta tagulla ta biyo baya a 1887. To sai ka ga mai fassara ya ɗauki Medal of Honor ta Amurka ya mai da ita ta zinare, Silver Star ta koma ta azurfa, don dai suna ya yi kama. Kada ka yi haka. Wanda ya karanta zai ɗauka Italiya ce ta ba mutumin lambar. In kana son kwatance, yi shi a fili da kalmar paragonabile, ka ce ta yi daidai da kaza a daraja, sunan asali kuma yana nan a wurinsa. Ita Purple Heart ma ba ta shiga wannan layi ba sam, wanda aka raunata ko aka kashe a fagen fama ake ba wa.

Kalmomin da ke kewaye da sunan, su ne ake fassarawa sosai, kuma a nan gumi yake. Gallantry ba galanteria ba ce. Wannan ta Italiyanci ladabi ne irin na namiji ga mace, buɗe mata ƙofa da makamantansu. Ka ce valore ko coraggio. Lura kuma a sunan lamba ana datse wasalin ƙarshe, al valor militare ake cewa. Citation, wato rubutun da ke bayyana abin da sojan ya aikata, sunansa motivazione. Citazione tana nufin ambato daga littafi ko sammacin kotu. Wanda aka ba bayan ya rasu, alla memoria ake rubutawa. Wanda aka ba nan take a fagen daga, sul campo. Mutum kuma insignito ne ko decorato, lambar ce ake conferita.

Akwai Bar, ɗan ƙarfen da ake maƙalawa a kan ƙyallen lamba idan soja ya sake cin ta karo na biyu. Barretta ta wadatar, amma ni nakan ƙara da cewa sau biyu aka ba shi, don nauyin abin ya fito. Mutum 3 kacal suka taɓa cin Victoria Cross sau biyu, cikinsu da Charles Upham na New Zealand.

Ka yi hattara da Military Cross da Military Medal. Ta farko ta 1914 ce, ta hafsoshi ce har zuwa 1993. Ta biyu ta 1916, ta ƙananan sojoji, aka daina ba da ita a 1993. Idan ka haɗe su a kalma ɗaya, ka share bambancin muƙami. Wannan yana taɓa ni, domin sojojinmu na Najeriya da suka gwabza da Italiya a Somaliya da Habasha a 1941, ta biyun ce rabonsu. Chari Maigumeri, wanda barikin Lokoja ke ɗauke da sunansa, haruffan MM ne ke bin bayan sunansa. Irin waɗannan haruffa ba na taɓa su. Nakan bar su yadda suke, in warware ma'anarsu a ƙasan shafi.