Kurakuran masu shirya wasan Shylock

Na gaji da ganin ɗalibai suna ɗora wasan Shakespeare, The Merchant of Venice, a dandamali su mai da Shylock, Bayahuden da ke ba da rance a wasan, dodo. A liƙa masa dogon hanci, a sa shi tafiya a rankwafe yana murza hannu, 'yan kallo su yi ta dariya. Irin wannan fitowar aka yi a Biyana a 1943, ƙarƙashin mulkin Nazi, inda Werner Krauss ya fito a Shylock don a ƙara wa jama'a ƙyamar Yahudawa. Haba! Ku karanta abin da ke rubuce mana. Antonio, ɗan kasuwar da ke cikin wasan, ya sha tofa wa Shylock yawu, ya kira shi kare, kuma ranar da ya zo rancen dukat (kuɗin zamanin) 3,000, da aka tuna masa, cewa ya yi zai sake. Jessica, 'yar Shylock, ta gudu da dukiyarsa, ta ba da zoben da matarsa Leah ta ba shi tun yana saurayi aka ba ta biri. Wanda aka yi wa wannan duka shi ne ke wasa wuƙa a kotu. In kun yanke waɗannan wurare don rage lokaci, kun bar ramuwa ba tushe. Ni dai a gwaji nakan sa mai fitowa a Antonio ya tofa yawu a gaban Shylock kafin ya buɗe baki, kullum, har sai abin ya shiga jikin su biyun.

Wasu kuma su mai da shi waliyyi. Ɗan wasa Henry Irving ya ba shi mutunci a Landan a 1879, amma jawabin nan da Shylock ke tambaya ko Bayahude ba shi da ido, da alwashin ramuwa ya ƙare. Kada ku datse ƙarshensa.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne hukuncin kotu. Na taɓa shirya wasan, aka zo inda aka tilasta wa Shylock barin addininsa, mai fitowa a Gratiano, abokin Antonio, ya daka tsalle, zauren ya ɗauki tafi. Tafi, don an raba mutum da addininsa! Watannin wahalarmu suka tafi a banza. Tun daga nan na hana kowa murmushi a wurin, kuma ba mai motsi sai Shylock ya fice.

Kada ku goge maganar Portia, tauraruwar wasan, a kan launin fatar Yariman Maroko da ya zo neman aurenta. Ita ma tana da tata ƙyamar. Babi na biyar ba na yarwa ba ne, ku bar Jessica a gefe ita kaɗai. Ku kuma sanar da 'yan wasa cewa daga 1516 aka riƙa kulle Yahudawan Banis, birnin da labarin ya faru, cikin unguwa ɗaya da dare, Ingila kuwa ta kori nata tun 1290.