Kurakuran da aka fi yi wajen rage hayaƙin kabon na kayan gini

Ranar da ɗan kwangila ya miƙa makullin sabon gini, tun ba a kunna ƙwan lantarki ko ɗaya a ciki ba, ginin ya riga ya zuba wa sararin samaniya hayaƙi mai tarin yawa. Hayaƙin ya fita ne can a masana'antar da ta gasa siminti, da tanderun da ya narka ƙarfen rodi, da motocin da suka ɗauko yashi da tsakuwa. Wannan shi ne kabon ɗin da ke ƙunshe a kayan gini. Ni ina ce masa ɓoyayyen kabon, domin mai gida ba zai taɓa ganinsa a takardar kuɗin wuta ba. Ƙungiyar World Green Building Council ta ƙiyasta a rahotonta na 2019 cewa gine-gine ke da kashi 39 cikin 100 na hayaƙin kabon da duniya ke fitarwa ta hanyar makamashi: kashi 28 daga wuta da sanyaya ɗaki da ɗumama shi, kashi 11 daga kayan gini da aikin ginin kansa.

Wancan kashi 28 ɗin yana gyaruwa daga baya. Ana iya canza na'urar sanyaya ɗaki, ana iya ɗora sola a rufi. Shi kuwa kashi 11, da zarar kankare ya daskare, bakin alƙalami ya bushe. Abin da ya sa kuskure a nan yake da ciwo ke nan, kuma yawancin waɗanda na ga sun faɗa cikinsa masu kyakkyawar niyya ne.

Jira sai an gama zane

Wannan shi ne uwar sauran kurakuran. An amince da zane, an fitar da lissafin kaya, har an fara tonon harsashi, sannan wani ya tuna ya ce, "To yaya za a yi ginin nan ya zama mai kare muhalli?" Sai a bazama neman fenti na musamman da tayil ɗin da aka ce da tsofaffin kwalabe aka yi shi. Ihu bayan hari. Mafi yawan ɓoyayyen kabon yana cikin ƙashin ginin ne, wato harsashi da ginshiƙai da dekin, kuma tun a makonnin farko ake yanke shawarwarin da ke ƙayyade shi: hawa nawa za a yi, wace tazara za a bari tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi, za a haƙa ƙasa don wurin ajiye motoci ko a'a.

A ɗauki tazara kaɗai. In aka ninka ta sau biyu, ƙarfin da ke neman lanƙwasa dekin yana ninkuwa sau huɗu ne. Dole dekin ya ƙara kauri da rodi, nauyinsa ya hau kan ginshiƙai, ginshiƙan su ƙara faɗi, harsashin ya bi su. Falo ɗaya da aka so babu ginshiƙi a tsakiyarsa ya jawo wa ginin duka ƙarin kankare. Haka nan in ginshiƙan hawan sama ba su sauka daidai kan na ƙasa ba, sai an sa ƙatuwar goyo, wato ginshiƙin kwance, mai cin rodi ta ɗauke nauyin.

Gyaran ba shi da tsada. Mai zane da injiniya su zauna tebur ɗaya tun ranar farko, a zana tsari biyu ko uku, a ƙiyasta tan nawa na kankare da ƙarfe kowanne zai ci, a zaɓa. Tun ran gini ran zane.

Rushe mai rai don a gina "mai kare muhalli"

Wannan shi ya fi taɓa mini zuciya. Gini yana tsaye, ƙashinsa lafiya lau, tsufa kawai ya yi a fuska, sai a kawo katafila. A wurinsa a tayar da sabo mai gilashi, a riƙa alfahari da ƙarancin wutar da yake sha. Ba a lissafa cewa hayaƙin tsohon ƙashin an riga an biya shi shekaru da dama da suka wuce, yanzu kuma an sake biyan sabo daga farko. Sau da yawa sai sabon ginin ya yi shekaru masu yawa yana tsimin wuta kafin ya fanshe hayaƙin gina shi, alhali yanzu ne ake bukatar ragin.

Akwai waɗanda suka nuna ana iya kauce wa wannan. A birnin Sidni na Ostareliya, wata doguwar hasumiyar ofisoshi ta 1976 ta tsufa. Maimakon a kayar da ita, sai aka riƙe kusan kashi biyu cikin uku na ginshiƙanta da dekinta, da kusan dukan ƙashin tsakiyarta, aka ɗora sabon gini a jikinta. Ita ce Quay Quarter Tower da aka kammala a 2022. A Bordo ta Faransa, Anne Lacaton da Jean-Philippe Vassal tare da abokan aikinsu sun gyara gidaje 530 na unguwar Grand Parc, suka ƙara wa kowanne baranda mai faɗi, mazauna kuma suna cikin gidajensu aka yi aikin. A 2021 Lacaton da Vassal suka karɓi kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace daraja a fannin zanen gini.

Ba kowane tsohon gini ne zai tsira ba, na sani. Amma kafin a sa hannu kan takardar rushewa, a kira injiniya ya gwada ƙarfin kankaren, ya duba rodin ko ya yi tsatsa, ya faɗi ko harsashin zai ɗauki ƙarin hawa. Mai son rushewa shi ya kamata ya kawo hujja.

Ɗaukar siminti duk ɗaya ne

Siminti kaɗai yana da kusan kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na hayaƙin kabon na duniya, kuma da yawa suna zaton laifin man da ake ƙonawa ne kawai. Ga yadda abin yake. Ana gasa dutsen farar ƙasa a zafin da ya kai digiri 1,450 don a samu wasu dunƙule-dunƙule da ake kira kilinka, su ake niƙawa su zama siminti. A cikin gashin nan dutsen kansa yana sakin iskar kabon da ke jikinsa, kuma wannan shi ne wajen kashi 60 cikin 100 na hayaƙin. Ko da wuta mai tsabta aka gasa shi, wannan kason yana nan. Saboda haka tambayar da ta dace a yi wa mai sayar da siminti ita ce: kilinka nawa ne a cikin buhun nan?

Ana maye gurbin wani ɓangare na kilinka da tokar tashoshin wuta masu ƙona kwal, ko kuma da niƙaƙƙen kashin ƙarfe, wato dattin da ke fita idan ana narka tama a manyan tanderu. Kankaren da aka yi da su yana da ƙarko, sai dai yana jinkirin yin ƙarfi, kuma a nan ake tuntuɓe. Na taɓa zama a wani taron aiki inda mai haɗa kankare ya kawo tayin haɗi mai rabin kashin ƙarfe don harsashi. Aka ajiye sakamakon gwajin kwana 7 a tebur, shugaban aikin ya ga lambar ta yi ƙasa da wadda ya saba gani, ya tura takardar gefe. Harsashin nan kuwa sai bayan watanni zai ɗauki cikakken nauyinsa. Al'adar auna ƙarfin kankare a kwana 28 ta zama kamar doka a kawunanmu, alhali injiniya yana iya rubuta kwana 56 ga sassan da ba su da gaggawa, irin su harsashi, a samu ragin kilinka mai yawa ba tare da an taɓa lafiyar ginin ba.

Wani ɗan'uwan wannan kuskuren shi ne rubuta haɗi ɗaya mai ƙarfi ga ko'ina. Ginshiƙin da ke ɗauke da hawa goma da shimfiɗar da ake zubawa a ƙasan rami don daidaita wuri ba bukatarsu ɗaya ba.

Sai dai a sani, toka da kashin ƙarfe ba su da yawan da zai ishi duniya, ga tashoshin kwal ana ta rufewa. In aiki ɗaya ya kwashe kaso mai yawa, wani aikin ne zai rasa. Shi ya sa nake sa rai a kan simintin LC3, wanda masu bincike a jami'ar EPFL ta Suwizalan, ƙarƙashin Karen Scrivener, suka haɓaka da abokan aikinsu na Indiya da Kyuba. Rabinsa ne kawai kilinka, sauran yumɓu ne da aka gasa a wajen digiri 800, da garin farar ƙasa da ɗan jifsam. Yana iya rage hayaƙi har kashi 40 cikin 100, yumɓu kuwa kusan ko'ina akwai shi.

Ƙarfen da ba ya ɗauke da komai

A 2014 Muiris Moynihan da Julian Allwood na jami'ar Kambirij suka duba zanen gine-ginen ƙarfe 23 a Birtaniya, suka tarar a matsakaici goyon ƙarfen ba sa ɗaukar ko rabin nauyin da za su iya. Dalilin sananne ne ga duk wanda ya yi aikin: a lissafa wanda ya fi shan nauyi, a maimaita girmansa a ko'ina don sauƙin oda da ɗauri, kowa kuma ya ƙara nasa "don gudun ko-ta-kwana" a kan wanda ƙa'ida ta riga ta tanada. Maganin shi ne a biya injiniya lokacin da zai lissafa sassan rukuni-rukuni, kuma a nemi ya nuna kashi nawa na ƙarfin kowane sashe ake amfani da shi.

Asalin ƙarfen ma yana da tasiri. Wanda aka narko daga tama a babban tanderu mai kwal yana fitar da sama da tan 2 na hayaƙi a kowane tan, wanda aka narka daga tsofaffin ƙarafa da wutar lantarki kuwa bai kai tan 1 ba.

Gudun gara, faɗawa gidan zago

Akwai masu jin an ce siminti ne matsala sai su ce a canza kaya kawai. Wani ya kwatanta kilo ɗaya na wannan da kilo ɗaya na wancan, ya manta ba kilo ake ginawa ba. Kwatancen gaskiya shi ne murabba'in mita ɗaya na bene ko bango, mai ɗaukar nauyi iri ɗaya, mai shekaru iri ɗaya. A kilo, hayaƙin kankare kaɗan ne ƙwarai in aka gwama shi da ƙarfe. Yawan da ake zubawa ne ya sa ya yi nauyi.

Katako abu ne mai kyau, kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne da bishiyar ta zuƙo daga iska. Amma ajiya ce, ranar da aka ƙona shi ko ya ruɓe za ta koma inda ta fito. In kuma daga dajin da ba a sake shukawa aka saro shi, an yi asara biyu. A nemi shaidar inda ya fito, a kare shi daga danshi da gara don ya daɗe. Haka bulon ƙasa: in aka cika masa siminti don ya yi ƙarfi, ga bangon da kauri, sai a wayi gari simintin da ke cikinsa ya cinye ribar da aka fita nema.

Sai masu sa ido kan nisan hanya kaɗai. Ga siminti da ƙarfe da alminiyam, hayaƙin masana'anta ya fi na mota nesa ba kusa ba, don haka na kusa ba lallai ya fi tsabta ba. Ga yashi da tsakuwa ne nisa ke da nauyi a lissafi. Alminiyam kuwa a yi hattara da shi a fuskar gini: sabon narki yana cin wuta ƙwarai, wanda aka sake narkawa kuma wajen kashi 5 cikin 100 na wannan makamashin yake bukata.

Duk wannan ba ya yiwuwa da kalmar "mai kare muhalli" da aka buga a jikin buhu. A nemi takardar EPD, wadda wani mai bincike mai zaman kansa ya tantance, mai nuna kilo nawa na hayaƙi kayan suka fitar. A duba kuma takardun biyu da ake kwatantawa matakai ɗaya suka ƙirga, domin wata a ƙofar masana'anta take tsayawa, wata har ƙarshen rayuwar kayan take kaiwa. Wasu ƙasashe sun riga sun mai da awon doka: Faransa da ƙa'idar RE2020 tun 2022, Denmak kuma a 2023 ta sa iyakar kilo 12 na hayaƙi a kowane murabba'in mita a shekara ga sababbin gine-ginen da suka wuce murabba'in mita 1,000.

Rage siminti a bakin kwaɓi

Wannan shi ne mafi haɗari, kuma ina roƙon kada wani ya karanta abin da ke sama ya fahimce shi haka. Rage kilinka aikin lissafi ne da gwaji, injiniya ke rubuta shi, ɗakin gwaji ya tabbatar. Wanda ya tsaya a bakin kwaɓi ya ce a rage buhu a ƙara yashi, rayukan mutane yake wasa da su. Ko ta fuskar hayaƙin ma faɗuwa ce, domin ginin da aka tsara ya yi shekara 60 in ya lalace a 30, sai an sake fitar da hayaƙinsa gaba ɗaya.

Abubuwan da ke sa kankare ya daɗe ƙanana ne, kuma su aka fi sakaci da su. Kada a ƙara ruwa a kwaɓi don ya yi sauƙin zubawa, ruwan da ya yi yawa ƙofofi yake bari a ciki. A sa 'yan tallafi a ƙarƙashin rodi don kankare ya lulluɓe shi da kaurin da zane ya ce, in ba haka ba iska da danshi za su isa gare shi, ya yi tsatsa, ya kumbura, ya fasa kankaren. A girgiza shi sosai lokacin zubi. Bayan an zuba, a rufe shi, a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma haɗin da ke da toka ko kashin ƙarfe ya fi kowanne bukatar wannan kulawar, saboda a hankali yake kama jikinsa.