Kurakuran da Ake Yi Wajen Rainon Sababbin Alƙalan Wasa da Yadda Za a Gyara Su

Sabon alƙalin wasa yakan fito daga kwas da dokokin ƙwallon ƙafa 17 a kansa. Ya ci jarrabawa, an ba shi shaida, ya tanadi usur da katuna. Sai dai kwas ba ya koya masa abin da zai yi a daƙiƙar da ya busa fenareti, 'yan wasa biyar suka yo kansa, koci yana ihu daga bakin fili, 'yan kallo kuma suna ɗura masa ashar. Wannan sai a fili ake koyonsa, kuma sai da tsohon hannu a kusa. Da yawa daga cikin masu ajiye usur tun ba su je ko'ina ba sun san doka sarai. An bar su ne su kaɗai, ko kuma wanda aka damƙa wa rainonsu ya ƙara musu nauyi yana zaton taimako yake yi. Da masu rainon nake magana a nan.

Kuskuren farko tun wajen rabon wasanni yake farawa. Alƙalai sun yi ƙaranci, ga wasan hamayya da manya suka guje wa, sai a ce a tura sabon, ai da haka zai goge. Ba zai goge ba, tsorata zai yi. Wasanninsa na farko a zaɓa masa su da hankali: ƙungiyoyin da aka san kociyoyinsu da natsuwa, ko a fara sa shi a gefe da tuta ƙarƙashin alƙalin da ya san yadda ake tafiya da mataimaki. Kada kuma a ɗauka wasan yara shi ne mai sauƙi kai tsaye, domin iyayen da ke tsaye a bakin layi sukan fi yaran wahalar sha'ani. Kai mai raino, ka iso tare da shi da wuri, ku zagaya fili, ku ja ragar ku ga ko akwai ɓula, ku duba layuka da iskar ƙwallo. Ka bar shi ya gaisa da kociyoyi da bakinsa, kai kana bayansa da taku ɗaya, don kowa ya gane wane ne alƙalin ranar.

Yawan gyara a lokacin da bai dace ba

Nan ne masu kyakkyawar niyya suka fi yin ɓarna. Tsohon alƙali yana da ido. Cikin minti 45 zai ga abubuwa goma sha biyar da ba su yi masa ba, ya rubuta su duka. Ana busa hutun rabin lokaci sai ya tare yaron ya zazzage masa su. Hutun nan bai wuce minti 15 ba a doka. Yaron yana haki, maƙogwaronsa ya bushe, zuciyarsa tana kan bugun tazarar da aka yi ta jayayya a kai. Ya koma fili da kai cike, yana tunanin abin da ya wuce maimakon abin da ke gabansa, zagaye na biyu ya fi na farko muni.

A hutu, ka miƙa masa ruwa, ka bar shi ya zauna ya numfasa. Idan akwai magana, ta zama guda ɗaya, kuma wadda zai iya aiki da ita nan take: «Ƙanena, usur ɗinka ba ya fita. Idan ketar ta yi muni, busa da ƙarfi su ji.» Shi ke nan. Sauran su jira.

Bayan an tashi ma kada ka fara da abin da ka gani. Tambaye shi tukuna yadda ya ji wasan, da wurin da ya fi ba shi wuya. Sau da yawa da kansa zai ambaci abin da ka rubuta, kuma abin da mutum ya gano da kansa ya fi zama masa. Daga nan ka zaɓi abu biyu, iyaka uku. Ɗaya daga ciki lallai ya zama abin da ya yi daidai, kuma ka faɗe shi da hujja. «Ka yi ƙoƙari» ba ta koya wa kowa komai. Amma idan ka ce masa a minti na 30 da aka taɗe lamba 7 ya jinkirta busa, ya ga ƙwallo tana wurin abokin wasan lamba 7 ɗin, ya bar wasa ya ci gaba har aka kai hari, to ya san abin da zai maimaita.

Wani abin da ake yawan yi shi ne a tsaya ana muhawara kan hukunci: fenareti ne ko ba fenareti ba ne. Kai kana bakin fili, shi yana ciki, kowa da kusurwar da ya hango. Tambayar da ta fi amfani ita ce: «Ina kake tsaye lokacin da abin ya faru?» Mafi yawan kurakuran sabon alƙali daga wurin tsayawa suke tasowa. Ko ya maƙale a da'irar tsakiya yana hukunci daga nesa, ko ya bi ƙwallo sau da ƙafa har ta dinga bugunsa, ko ya juya wa mataimakinsa baya. Tsarin gudu daga kusurwa zuwa kusurwa, wanda Stanley Rous na Ingila ya yaɗa a shekarun 1930, an yi shi ne don wasa ya kasance tsakanin alƙali da mataimakinsa a kowane lokaci. Ka ɗauko takarda ka zana masa filin, ka nuna inda yake da inda ya kamata ya kasance. Idan wurin tsayawa ya gyaru, hukunce-hukunce da yawa za su gyaru ba tare da an taɓa su ba.

Alƙalanci daga bakin fili

Akwai mai rainon da ba ya iya riƙe kansa. Yana nuna hannu, yana girgiza kai, wani lokaci har ya ɗaga murya ya ce jifa na wancan ɓangaren ne. 'Yan wasa ba makafi ba ne. Da zarar sun lura alƙali yana satar kallon wani a waje kafin ya yanke hukunci, sun daina ganin girmansa. Wanda ya fi wannan muni shi ne mai rainon da ɗan kallo zai tambaya, ya amsa da cewa da shi ne da ya ba da jan kati. Kafin a tashi maganar ta zagaye fili. Wannan cin amana ne, ko da ba da nufi aka yi ba.

Doka ta 5 ta ce hukuncin alƙali kan abin da ya faru a wasa shi ne na ƙarshe, kuma ba ya sauya shi bayan an ci gaba da wasa. Mai raino ya fi kowa cancantar mutunta wannan. Ka samu wuri nesa da benci da cunkoson 'yan kallo, ka yi rubutunka, fuskarka kada ta nuna komai. Wanda ya tambaye ka, ka ce alƙali ya fi ka kusa. Abu biyu ne kawai za su sa ka tsoma baki ana cikin wasa: lafiyar ɗan wasa, musamman idan an yi karo da kai kuma alƙalin bai lura ba, da kuma lafiyar shi alƙalin.

Koyar da dokar da ta tsufa

Hukumar IFAB, wadda ke tsara dokokin wasan tun 1886, tana yi musu kwaskwarima kusan kowace shekara. Wanda ya daina karantawa shekara biyar da suka wuce zai koyar da abin da aka riga aka soke. Tun 2019 ba sai bugun gola ya fita daga yadi na 18 ba kafin wasa ya ci gaba. A shekarar ne kuma aka ce idan ƙwallo ta taɓa alƙali ta koma hannun ɗaya ƙungiyar, ko ta haifar da hari mai haɗari, ko ta shiga raga, sai a tsaya alƙali ya saki ƙwallo. Daga 2025 mai tsaron gida yana da daƙiƙa 8 ya saki ƙwallon da ya riƙe, alƙali ya ɗaga hannu ya ƙirga biyar na ƙarshe, idan ya wuce a ba abokan hamayya bugun kusurwa. Sabon alƙalin da ya fito kwas jiya yana iya fin ka sanin waɗannan, amma kunya ba za ta bar shi ya musa maka ba. Zai bi naka ya yi kuskure a fili, ko ya yi shiru ya daina yarda da maganarka. Littafin dokokin yana nan kyauta a manhajar IFAB. Idan an yi saɓani, ku buɗe ku duba tare a gabansa.

A kula kuma da abin da yake kwaikwayo daga talabijin. Tun da na'urar VAR mai sake duba hukunci ta bidiyo ta shiga gasar cin kofin duniya a Rasha a 2018, matasa sun saba ganin mataimakin alƙali yana riƙe tuta a ƙasa har sai an gama hari kafin ya nuna satar gida. An tsara wannan ne don wasannin da ke da na'urar. A filin da babu ita, mataimaki zai ɗan dakata ya tabbatar wanda ya yi satar gidan ya shiga cikin wasa, sa'annan ya ɗaga. Ka bayyana masa bambancin tun kafin a ci ƙwallon da za ta tada rigima.

Ƙananan abubuwa ma ana raina su: agogo biyu, usur na ajiya, alƙalami na biyu, da rubuta lambar ɗan wasa da minti kafin a ci gaba da wasa. A gasar cin kofin duniya ta 2006, a wasan Kuroshiya da Ostireliya, Graham Poll, ɗaya daga cikin gogaggun alƙalan Ingila a lokacin, ya ba Josip Šimunić katin gargaɗi har uku kafin ya kore shi, saboda kuskuren rubutu. Ka duba takardar ɗalibinka bayan kowane wasa, ka zauna da shi ya rubuta rahotonsa na farko: abin da ya gani, abin da aka faɗa da lafazinsa, minti nawa, ba tare da ra'ayi ko ƙari ba.

«Ka saba, mu ma haka muka sha»

Wannan maganar ta kori alƙalai masu kyau, kuma ina ganin ita ce mafi cutarwa cikin duk abin da na ambata. Yaro ya sha zagi na minti 90, wani ya bi shi har bakin ƙofa yana barazana, ya zo wurinka jikinsa na rawa, sai ka ce masa aikin ya gaji haka. Abin da ya ji shi ne babu mai tsaya masa. Jure ihun 'yan kallo wani abu ne da ake koyo a hankali. Barazana, ture, tofi da cin mutunci kuwa laifuffuka ne da ke da hukunci, kuma dole ya san haka daga bakinka.

Ka nuna masa makaman da doka ta ba shi. Tun 2019 yana iya ɗaga wa koci da sauran jami'an benci katin gargaɗi ko jan kati. Yana da ikon tsayar da wasa, ya dakatar da shi, ko ya tashe shi gaba ɗaya idan an yi kutse daga waje. A gasar ƙasashen Turai ta 2024 an yi aiki da tsarin da kyaftin kaɗai ke tunkarar alƙali kan manyan hukunce-hukunce. Idan gasarku ta ɗauki wannan, ku gwada yadda zai faɗa wa kyaftin-kyaftin tun wajen jefa kwabo. Idan wasa ya yi zafi, ka shiga fili da zarar an busa tashi, ka fito tare da shi. Da dare ka kira shi. Washegari ka sake kira, domin a lokacin ne abin yake dawo masa. Ka taya shi kai rahoto, ka bi sawu har kwamitin ladabtarwa ya zauna, ka gaya masa abin da aka yanke. Rahoton da aka kai aka ji shiru yana koya masa cewa kai ƙara ɓata lokaci ne.

Alƙalan da ba su kai shekara 18 ba suna buƙatar ƙarin kariya: babba ya kasance a filin, iyayensu su san inda suke, kada a keɓe da su. Mata kuma sukan haɗu da abin da maza ba sa lura da shi, daga rashin wurin sauya kaya zuwa kalaman da ba su shafi hukunci ba sam. Salima Mukansanga ta Ruwanda ta busa wasan gasar cin kofin Afirka a Kamaru a farkon 2022, Stéphanie Frappart ta Faransa kuma ta busa wasan Jamus da Kosta Rika a gasar duniya ta maza a Katar a ƙarshen shekarar. Yarinyar da ke hannunka ta san da su. Abin da take jira ta gani shi ne ko za a ba ta wasanni daidai da takwarorinta maza, da abin da za ka yi ranar da aka ci mata fuska.

Ka yi masa maganar kyauta ma tun da wuri, kafin wani jami'in ƙungiya ya riga ka. Wanda ba a gaya wa komai ba zai iya karɓar abin da aka kira «na mota» bai san ya ɗaura wa kansa igiya ba. Ka tabbatar ya san cewa ba ya karɓa, kuma duk wanda ya yi masa tayi, kai ne mutum na farko da zai faɗa wa.

Hakan ba zai yiwu ba idan kai ne kuma mai ba shi makin ƙarin girma. Wanda zai rubuta rahoton da za a ɗaga mutum ko a bar shi, ba a kai masa rauni. Inda hali ya yi, a raba aikin biyu: mai raino daban, mai tantancewa daban. Inda mutane suka yi ƙaranci, ka gaya masa a fili ranar da ka zo tantancewa da ranar da ka zo don shi kawai.

Sai janyewa. Wasu masu rainon sukan halarci wasa uku su ɓace, wasu kuma su maƙale har yaron ya kasa yanke hukunci sai ya kira su. Ka rage zuwa a hankali: daga kowane wasa zuwa wasa ɗaya cikin uku, daga nan waya bayan wasa. Ka haɗa shi da sa'o'insa da suka fara tare, domin akwai abin da zai faɗa musu da ba zai faɗa maka ba, ka kuma tura shi ya kalli alƙalan da salonsu ya bambanta da naka. Idan kai mai yawan magana da 'yan wasa ne, shi kuma shiru-shiru, kada ka matsa sai ya zama kai. A kakar wasa ta biyu, lokacin da aka daina kiransa sabo aka fara ba shi wasanni masu nauyi, ka nemi jadawalinsa, ka zaɓi wasan da ya fi zafi a ciki, ka gaya masa tun da sauran mako guda cewa za ka zo.