Kafin ku biya diyyar hatsarin mota

'Yan'uwa ma'aikatan inshora, in takardar neman diyya ta zo hankalinku bai kwanta da ita ba, ku fara duba ranar sayen inshorar da ranar hatsarin. In kwana 3 ne tsakani, a dakata tukuna, amma don Allah kada a kira mutum maƙaryaci tun ba a gama bincike ba.

Ku je ku ga motar da idonku, hoton WhatsApp bai isa ba. Ku shafa wurin da ya lotse: in akwai tsatsa, ko ƙura ta daskare cikin tsagar fenti, tsohon bugu ne. Sabon bugu ƙarfensa yana ƙyalli. Direba da shaida kuwa, kowa a tambaye shi shi kaɗai. Garejin da ke kan rasit, ku taka ku gan shi.